Daga Garwa Zuwa Waliya: Yadda Aikin Agaji Ya Taɓa Bangaskiyar Matasanmu

A ikilisiyarmu da ke Garwa, a arewacin Kamaru, inda ake sujadar safe da Hausa domin yawancinmu zuriyar mutanen kan iyakar Najeriya ne da suka zauna a bakin kogin Binuwai tun zamanin kakanni, mun tashi da tunanin cewa aikin mishan na Turawa ne, namu kuwa shi ne karɓa da godiya. Tarihin da aka koya mana a makarantar Lahadi ya ƙarfafa wannan tunani, gama 'yan mishan na Lutheran daga Amurka ne suka shigo wannan yanki a farkon shekarun 1920, suka yi aiki a Lere da Yagwa, mutanen Norway kuma suka kafa nasu a Ngaundare, inda asibitin mishan yake aiki har yau. A zamaninmu ma mun riƙa ganin matasa daga Turai da Amurka suna zuwa lokacin hutunsu, su shafa fenti a ajin makaranta, su yi wasa da yara, su koma gida. Saboda haka, sa'ad da zumuntar matasa ta kawo shawara a ƙarshen shekarar 2022 cewa mu ma mu ƙetare iyaka zuwa Cadi don mu taimaki waɗanda ambaliya ta raba da gidajensu, tambayar farko da dattawa suka yi mana ita ce da me za mu je, kuma me muke da shi da za mu kai.

A wannan shekarar Cadi ta sami ruwan sama irin wanda ba ta gani ba cikin kimanin shekara 30. Ranar 19 ga Oktoba shugaban ƙasar, Mahamat Idriss Deby, ya ayyana dokar ta-ɓaci, ya ce ambaliyar ta shafi larduna 18 daga cikin 23, ta taɓa mutane fiye da miliyan ɗaya, ta kuma lalata gonaki fiye da hekta 465,000. A birnin Njamena abin ya fi tsanani a gunduma ta 9, wadda take tsakanin kogin Shari da kogin Logon, inda unguwannin Waliya da Ngeli da Tukra suke. Abin da mutumin nesa ba ya ganewa shi ne cewa ruwan da ya ci waɗannan unguwanni ya iso ne bayan damina ta ɗauke, domin kogunan biyu daga kudu suke kwaso ruwansu, Shari daga Afirka ta Tsakiya, Logon kuma daga tsaunukan Adamawa na ƙasarmu, kuma sai cikin Oktoba da Nuwamba cikarsu take kaiwa Njamena. Mutane suna kallon sama garau babu hadari, ruwa yana hawa a ƙofar gidajensu dare da rana har ya fasa shingen ƙasa da buhunan yashi da suka yi.

Matakin farko shi ne wasiƙa. Fastonmu ya ƙi yarda a yi maganar tafiya sai an rubuta wa wata ikilisiya a Waliya wadda ya san shugabanta tun suna makarantar tauhidi, an tambaye su ko suna bukatar mutane, in kuwa suna bukata, wane irin aiki za su ba su. Kafin amsa ta dawo aka zauna taron dattawa, kuma a nan ne aka yi muhawarar da har yau nake ganin kowace ikilisiya ya kamata ta yi kafin ta aiki matasanta ko'ina. Ma'ajin ikilisiya ya ɗauki alli ya lissafa kuɗin mota da na abinci da na takardu, ya nuna cewa abin da za a kashe a kanmu zai iya sayen gidan sauro da barguna masu yawa in an aika kuɗin kai tsaye, tun da sefa ɗaya muke kashewa da Cadi, babu asarar canji. Fasto bai kāre mu ba, sai ma ya ƙara da labarin wani bincike da wani malamin jami'a a Amurka, Kurt Ver Beek, ya wallafa a 2006 a kan waɗanda suka je Honduras gina gidaje bayan guguwar Mitch ta 1998. Binciken ya gano cewa ko da yake mutanen sun dawo suna cewa tafiyar ta canza rayuwarsu, da aka duba bayarwarsu daga baya canjin kaɗan ne ƙwarai, kuma magina na ƙasar sun iya gina gida da kuɗi ƙasa da abin da baƙin suka kashe nesa ba kusa ba. Mun yi shiru, domin babu ɗayanmu da yake da amsa.

Shugabar zumuntar mata ce ta warware maganar. Ta ce zumunci a ƙafa yake, kuma wanda gidansa ya rushe yana bukatar bargo, amma yana bukatar ya ga fuskar ɗan'uwa a ƙofar rumfarsa. Ta kuma ce in ba a bar yaran nan sun ga wahala da idonsu ba, a ina za a sami dattawan gobe da za su san abin da ake nufi da baiko. Aka daidaita a kan cewa kowane mai tafiya zai nemi kuɗin motarsa da guminsa, abin da ikilisiya ta tara kuwa ba za a taɓa ko dala ɗaya daga ciki don hidimar matafiya ba. Da amsar Waliya ta iso, sai ta zo da nata sharuɗɗa: suna son masu ƙarfin kwaɓa ƙasa, da mai ilimin jinya in akwai, da masu jin Hausa musamman, domin a cikin waɗanda suka fake tare da su akwai iyalan Hausawa masunta da 'yan tireda da ake fama wajen fahimtar juna da tsofaffinsu. Sun kuma ce kada mu sayo kaya daga Garwa, mu zo da kuɗin a saya a kasuwar can.

Ni malamin firamare ne, don haka hutun Kirsimeti ya ba ni dama. Na yi koyarwar yamma a gidajen mutane na tara kuɗin mota, wasu suka yi dako a kasuwa, 'yan matan kuma suka soya cincin da gyaɗa suna sayarwa bayan sujada. Takardu ba su wahalar da mu ba, domin tun 2017 ƙasashen CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin tsakiyar Afirka da Kamaru da Cadi suke ciki, suka soke biza a tsakaninsu, katin shaidar ɗan ƙasa da katin rigakafin shawara kawai aka nema. Abin da ya fi wuya shi ne samun yardar iyaye. Kwana ɗaya bayan dokar ta-ɓacin ambaliya aka yi zanga-zangar 20 ga Oktoba a Njamena da wasu biranen, wadda hukuma da kanta ta ce kimanin mutum 50 sun mutu a cikinta, ga kuma hanyar Mora zuwa Kusiri, garin kan iyaka da ke fuskantar Njamena, hanyar da kowa ya san labarin Boko Haram a kanta. Mahaifiyata ta ce mini, “Ɗana, talakawa sun ƙare ne a Garwa da sai ka je Cadi?” Ban iya ba ta amsa mai gamsarwa ba, sai da fasto ya zo gida da kansa ya zauna da ita da mahaifina, ya bayyana musu inda za mu kwana da wanda zai karɓe mu, sa'an nan ta sa mini albarka. Wasu iyayen sun ƙi, kuma ba a matsa musu ba.

Kowace Asabar kafin tafiya mukan taru a yi mana koyarwa. Mun karanta Matiyu sura 25, inda Yesu ya ce abin da aka yi wa mayunwaci da baƙo da mara lafiya shi aka yi wa, da Yakubu sura 2, inda aka tsauta wa mai sallamar matsiyaci da fatan alheri ba tare da ya ba shi komai ba. Waɗannan ayoyi mun san su tun muna yara, kuma sun yi mana daɗi domin sun sa mu a gefen masu bayarwa. Dokar da ta fi ba mu mamaki ita ce ta waya. Fasto ya hana ɗaukar hoton kowane mutum yana karɓar kaya, ya hana sa wani abu a Facebook ko WhatsApp sai mun dawo, ya kafa hujja da Matiyu sura 6, inda aka ce kada hannun hagu ya san abin da na dama yake yi. Wasu sun yi gunaguni cewa ta yaya waɗanda suka ba da kuɗi za su ga inda ya shiga, sai ya ce rasit da lissafi sun isa shaida. Ranar Lahadin ƙarshe aka kira mu gaban jama'a, muka durƙusa, dattawa suka ɗora mana hannu kamar yadda aka yi wa Bulus da Barnaba a Antakiya, kuma a wannan lokacin na ji a raina cewa ba ni da sauran shakka a kan komai.

Hanyar ba ta da labari mai yawa. Mun bi ta Figil zuwa Marwa muka kwana, washegari muka wuce Mora da Waza da Dabanga a kan kwalta da ta farfashe, ana tsayar da mu a shingaye ana duba takardu, gonakin masakwa kore shar a dama da hagu inda ruwa ya janye. A Kusiri ma mun ga rumfunan waɗanda ruwa ya kora, gama kogin bai bambanta gaɓa biyu ba. Muka haye gadar Ngeli a kan Logon, kuma da saukarmu muna cikin gunduma ta 9 ɗin.

Ruwan ya riga ya fara ja da baya sa'ad da muka isa, abin da ya bari ne muka tarar. A jikin gine-ginen siminti akwai zane baƙi-baƙi da ya nuna inda ruwa ya tsaya, a wani wuri daidai ƙirjin mutum, a wani wuri sama da taga. Gidajen ƙasa kuwa sun narke sun zama tudun laka, kwanon rufi ya kwanta a kai, ƙafar gado ko bakin tukunya ya leƙo daga ciki. Jama'a suna zaune a kan tudu cikin rumfunan leda da tsofaffin zannuwa, sanyin hunturu yana shiga da dare, sauro kuma ya yi yawa saboda kududdufai. Faston da ya karɓe mu shi ma a rumfa yake da iyalinsa. Bai yi mana dogon jawabi ba, ya raba mu ga gidajen membobinsa biyu-biyu, ya ce abin da suka ci shi za mu ci, sa'an nan ya sa kowannenmu a ƙarƙashin wani ɗan unguwar. Ni an haɗa ni da wani magini da bai yi makaranta ba, wanda ya girme ni kaɗan, kuma daga ranar shi ne shugabana.

Aikin bulon ƙasa shi ya cinye yawancin lokacinmu. Akan tona ƙasa a jiƙa ta tun da yamma, da asuba a zuba ƙaiƙayi da busasshiyar ciyawa a shiga da ƙafa ana takawa har ta yi danƙo, sa'an nan a jiƙa akwatin katako, a cusa lakar a danna kusurwoyi da hannu, a shafe sama, a ɗaga akwatin a hankali a bar bulon a ƙasa. Maginin yakan zo ya duba layin da na yi, ya nuna waɗanda kusurwarsu ba ta cika ba, ya mayar da su cikin laka ba tare da ya ɗaga murya ba. Ya koya mini cewa a ɗaga harsashi da ƙasa mai yawa kafin a fara jera bulo, kuma layukan farko a yi su da bulon da aka gasa in mai gida yana da hali, domin daga ƙasa ruwa yake cin bango. Wannan aiki ya yi wa da yawa daga cikinmu abin da wa'azi bai yi ba, gama mun zo da tunanin masu kawo taimako, sai muka sami kanmu muna koyon aiki a hannun waɗanda muka zo taimaka wa, kuma a bayyane yake cewa sun fi mu sauri sau da yawa.

Saɓanin farko ya taso ne ranar rabon kaya. An sayi gidan sauro da barguna da sabulu da dawa, dattawan ikilisiyar Waliya tare da mai unguwa suka rubuta sunaye bisa ga wanda ya fi bukata, gwauraye mata da tsofaffi da masu jarirai a gaba, ba a duba addinin kowa ba. Wani ɗan'uwa a cikinmu, mai himma ƙwarai a aikin bishara, ya zo da 'yan takardun wa'azi, ya nemi a tara mutane a yi musu wa'azi kafin a miƙa kaya, ko a ƙalla a sa takarda a cikin kowane bargo. Faston Waliya ya ƙi. Ya ce mai jin yunwa zai amsa amin ga duk abin da aka faɗa masa, kuma wannan amin ɗin ba ta da daraja a gaban Allah. Ya ce a daren da shinge ya fashe, masu kwale-kwalen da suka kwashe matan ikilisiyarsa da yaransu yawancinsu Musulmi ne, kuma babu wanda ya tambayi kowa addininsa kafin ya miƙa masa hannu. Ya ƙara da cewa mu za mu koma Garwa, su ne za su ci gaba da zama da maƙwabtansu, kuma ƙofar majami'a a buɗe take ga duk mai son ji da ransa. Ɗan'uwan ya ce to me ya bambanta mu da ƙungiyoyin agaji na duniya, kuma tambayarsa ba ta banza ba ce, mun kwana muna juya ta.

Washegari aka aike ni da bargo da gidan sauro wurin wani dattijo Bahaushe da ba ya iya tafiya. Na yi sallama, na durƙusa, na ce, “Baba, ya muka ji da wannan abu? Allah ya mayar da alheri.” Ya ce, “Amin, ɗana. Kai ɗan wane gari ne da Hausarka ta fita haka?” Ya ba ni labarin cewa mahaifinsa ya taso daga ƙasar Kano da ƙafa da niyyar aikin hajji, guzuri ya ƙare masa a nan tun garin yana Fort-Lamy, kafin a sauya masa suna a 1973, ya zauna yana kamun kifi har ya mutu. Da lokacin azahar ya yi ya miƙo mini buta, sai na gaya masa cewa ni Kirista ne, daga coci aka aiko ni. Ya dube ni, ya dubi bargon, ya ce, “To, me ake so in yi kafin ya zama nawa?” Na ce, “Babu komai, Baba, sunanka yana cikin takarda.” Ya yi shiru kaɗan, sa'an nan ya ce, “Haka ne. Wanda ya ba ka don Allah ba ya ciniki da kai.” Ya sa jikarsa ta dafa shayi, ya ce baƙonka annabinka, bai bar ni na tashi ba sai da na sha. Daga ranar duk lokacin da na wuce sai ya kira ni, kuma shi da kansa ya riƙa yi mini tambayoyi a kan abin da muka gaskata game da Yesu da gafarar zunubi, ni ma ina tambayarsa nasa, cikin mutunci, babu wanda ya ji ana bin sa bashi.

Abin da ya girgiza mu da gaske ya faru ne ta wajen wata 'yar'uwa a cikinmu da take karatun jinya. Tana zagaya rumfuna tana koya wa mata yadda ake ɗiga magani a ruwan sha da yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari, sai ta sami wata mawaƙiyar ikilisiya da yaronta yana fama da zazzaɓin cizon sauro. Matar ta ɗauko yaron a kanta cikin ruwa har wuya a daren ambaliya, ta tsira da shi. Aka kai shi asibiti, muka taru muka yi addu'a da azumi, bayan 'yan kwanaki yaron ya rasu. Abokina na kusa, wanda shi ne yake bi da mu cikin addu'ar safe, yana cikin waɗanda suka haƙa kabarin. A daren ya ce mini ba zai iya bi da addu'a gobe ba. Ya ce matar nan ba ta fasa sujada, ba ta fasa zakka, Allah ya fitar da ɗanta daga ruwa don sauro ya kashe shi a kan tudu, to mece ce ma'anar abin da muke koya wa yara cewa mai dogara ga Ubangiji ba zai ga masifa ba.

Na daɗe ina tunani a kan wannan dare, kuma a nan ne nake ganin ainihin abin da irin wannan tafiya take yi wa matashi. Yawancinmu mun girma da bangaskiyar da take da ciniki a ƙarƙashinta ba tare da an furta ba: in na yi biyayya, na ba da zakka, na guji zunubi, Allah zai ba ni jarrabawa da aiki da lafiya, ya kawar da masifa daga ƙofata. Wa'azin da muke ji a rediyo da wayoyinmu kullum yana ƙara wa wannan tunani ƙarfi. A gida ana iya rayuwa da shi shekaru, domin in masifa ta sami wani akan sami dalilin da za a laƙaba masa. A Waliya kuwa ruwan ya ci gidan fasto da na mashayi a dare ɗaya, ya ci majami'a da masallaci, babu wurin da za a ɓoye wannan ciniki. Wanda ya ga haka dole ɗaya daga cikin biyu ta same shi, ko ya saki bangaskiyar gaba ɗaya, ko ya sake gina ta a kan wani abu dabam.

Faston Waliya bai tsauta wa abokina ba, bai kuma ba shi gajeriyar amsa ba. Ya tara mu da dare a bakin wuta, ya buɗe Ayuba sura 2, inda abokan Ayuba suka zauna tare da shi a ƙasa kwana bakwai babu wanda ya ce uffan, ya ce wannan ne kaɗai lokacin da suka yi daidai, kuskurensu ya fara ne sa'ad da suka buɗe baki suna neman laifin da ya jawo masa wahala. Ya karanta mana Zabura 69, inda mai addu'a yake kuka cewa ruwa ya kai masa wuya, da Zabura 88, wadda ta ƙare cikin duhu babu kalmar ta'aziyya, ya ce Allah da ya bar waɗannan a cikin Littafinsa ba ya jin tsoron tambayar yaro. Sa'an nan ya ce wa abokina, “Ɗana, in ba ka iya addu'a ba, zo ka kwaɓa ƙasa, mu za mu yi addu'ar a madadinka har ka iya.” Haka kuwa aka yi.

Ranar Kirsimeti aka yi sujada a fili, domin bangon majami'a ɗaya ya faɗi. An yi waƙoƙi da harsunan Ngambai da Masa da Faransanci, aka ce mu ma mu yi ɗaya da Hausa. Mahaifiyar yaron tana cikin mawaƙa, ta tsaya a layinta, hawaye yana zuba tana waƙa. Da aka zo baiko, mutanen da suke kwana a ƙarƙashin leda suka fito da tsabar kuɗi da kwanon dawa da busasshen kifi, kuma aka sanar cewa rabin abin da aka tara za a aika wa wata ikilisiyar ƙauye da ruwa ya fi yi wa ɓarna. Na sha karanta 2 Korantiyawa sura 8, inda Bulus yake yabon ikilisiyoyin Makidoniya da suka yi bayarwa daga cikin matsanancin talaucinsu, amma a ranar ne na fahimci cewa ba kwalliyar magana yake yi ba. Waɗannan mutane ba su da sauran abin da za su sa rai a biya su da shi, duk da haka suna bayarwa suna yabo.

Da muka koma Garwa aka ba mu lokaci a sujada muka ba da rahoto da lissafin kuɗi, aka yi ta tafi, kowa yana cewa ya dawo sabon mutum. Gaskiya ita ce ga da yawa abin ya zama wutar kara, ta tashi da ƙarfi ta mutu kafin Ista, suka koma yadda suke, sai dai labarin da suke bayarwa a taron matasa. Ban ga laifinsu ƙwarai ba, domin zafin zuciya ba ya daɗewa in babu aikin da za a zuba shi a ciki. Abin da ya riƙe sauranmu shi ne taron da fasto ya kafa a Asabar ta farko ta kowane wata, inda ba a yarda a maimaita labarin tafiya ba, sai dai kowa ya faɗi abin da yake yi yanzu da tambayar da take damunsa. Daga wannan taro ne aka fara zagayen gidajen gwauraye da tsofaffi a unguwarmu ta Yelwa kafin kowace damina, ana gyara bango da rufi, Kirista da Musulmi, kuma mahaifiyata ce take nuna mana gidajen da suka fi bukata. 'Yar'uwar mai jinya ta gama karatu ta nemi a tura ta asibitin ƙauye da kanta. Ɗan'uwan mai takardun wa'azi yana nan da himmarsa, har yanzu muna saɓani da shi a kan wasu abubuwa, amma shi ne ya fi kowa zama da marasa lafiya.

A 2024 ruwan ya dawo fiye da na baya, ya shafi dukan larduna 23 na Cadi, mutum fiye da 500 suka mutu, a wajenmu kuma ya ci Yagwa da Maga da sassan Kusiri. A wannan karon mu da muka je ne muka ba da shawarar kada a tura ayari, a aika kuɗi da magina biyu kawai, domin mun riga mun san mutanen da za su karɓa, mun kuma san hannun da ya fi iya aikin. Abokina ne ya riƙe lissafin, ya raka maginan har Waliya ya dawo da rasit. Ya koma zuwa sujada bayan ya yi watanni ba ya zuwa, yana cin Jibin Ubangiji, amma har yau bai karɓi bi da addu'a ba, kuma ya roƙi a cire shi daga koyar da yara sai ya san abin da zai gaya musu game da wahala.

Yanzu ƙannenmu da suka taso suna neman a aike su su ma, kuma maganar tana gaban dattawa. Da aka nemi ra'ayina na ce a aike su, amma sai ikilisiyar can ta gayyace su ta kuma faɗi aikin da take so, kowa ya biya motarsa, a sa su a ƙarƙashin mutanen wurin, kada a haɗa kaya da wa'azi, kuma kafin su tashi a sami dattijo ko dattijuwa da za ta ɗauki alkawarin zama da su wata-wata har shekara guda bayan sun dawo. Ma'aji ya ƙara sharaɗi ɗaya, cewa duk mai son zuwa sai ya yi damina ɗaya yana zagayen gyaran gidaje a Yelwa tukuna, kuma an amince da shi.